Wa Ya Hau Kwakwar Aleyamma?

A ƙauyenmu idan aka ce wane ya cika zargi, sai wani ya tambaya, "Ya kai Cellappan?" Har yau ba a samu wanda ya kai shi ba. Mutum ne da idan mai shayi ya ƙara masa sukari sai ya ajiye kofin ya shiga tunanin me ake nema a wurinsa. Ka gaishe shi da fara'a ya ce akwai magana a ƙasa, ka wuce ba ka gaishe shi ba ya ce dama ya sani. Amma a kan bishiyar kwakwa babu na biyunsa, wannan kam ko wanda ba ya ƙaunarsa zai ba da shaida.

Gidaje talatin da ɗaya ya gada daga ubansa, wato gidajen da ba mai hawa musu kwakwa sai ɗan gidansu. Ba takarda aka rubuta ba, kowa dai ya sani. Duk bayan kwana arba'in da biyar zai zagayo da addarsa a ƙugu da zoben igiya a wuya, ya zura ƙafafunsa cikin zoben, ya rungumi bishiya, kafin ka ɗaga kai ya kai ƙololuwa. Ya sare gungun da ya nuna, ya share busassun rassa, ya zaƙulo ƙwaron nan mai ƙaho da ke cin zuciyar bishiya, ya zuba gishiri da yashi a matsematsin rassa. Idan ya sauko ya zaɓi rabonsa cikin kwakwar da hannunsa, kuma ba ya kuskuren zaɓe.

Akwai abu ɗaya da ubansa ya koya masa wanda babu mai gida ko ɗaya da ya sani. In an gama da bishiya, sai a kamo silin ganye biyu a can cikin kai, kusa da inda aka yi sara, a ƙulla su, a cusa bakin ƙullin ta hagu. Daga ƙasa ba a ganinsa. A wurin tsohon, alama ce kawai ta cewa an gama aiki. Da abin ya zo hannun Cellappan sai ya zama tarko. Duk bishiyar da ya hau, ƙullin yake fara dubawa, ya ga ko wani ya hau a bayan idonsa ya taɓa. Shekara arba'in yana dubawa, sau biyu kacal ya tarar an kwance, kuma duka biyun aikin hankaka ne, amma ka faɗa masa haka ka ga ɓacin rai.

Ciwon baya ya kama shi shekara tara da suka wuce, kuma ba a sama ba, a ƙasa, ya sunkuya zai ɗauki adda ya ji kamar an kafa masa ƙusa a ƙugu. Ya ɓoye. Ya sha ƙwayoyi a ɓoye, ya shafa man zafi a ɓoye, da yamma ya ɗora bammi a kai ya ce don gajiya ne. Matarsa Tankamani kaɗai ta san cewa da safe sai ya dafa bango ya bi shi a hankali kafin ya miƙe, ita ma ya hana ta faɗa, wai idan gidaje suka ji za su fara leƙen wani. A bana ciwon ya gangara ƙafar hagu har ɗan yatsa. Ranar da ta gan shi ya kasa ɗaura zanensa a tsaye, ba ta nemi shawararsa ba, ta ja shi sai gidan Baidiya Acutan.

Baidiya Acutan mai maganin gargajiya ne, ɗan mai magani, jikan mai magani, tsoho marar yawan magana da kullum yake warin mai da sassaƙe. A idon Cellappan aibinsa ɗaya ne, amma babba: 'yarsa tana auren Biju, shi kuwa Biju yana hawan kwakwa da ƙarfen nan na zamani mai matakai biyu da ake ɗaura wa bishiya, wanda Cellappan ke kira ƙarfen ragwaye.

Tsohon ya kama masa hannu ya saurari jijiya, ya daddanna ƙugun, ya sa shi ya ɗaga ƙafa. Watan Karkidakam ne, ruwa kamar da bakin ƙwarya, lokacin da kowa ya san jiki ya fi karɓar mai.

"Kwana goma sha huɗu a kan gadona," in ji Baidiya, "goma sha huɗu a kan naka."

"Ashirin da takwas ke nan. Wa ya tsara maka su, Baidiyare, kai ko surukinka?"

"Kakana."

"Kakanka ya san bikin Onam na tafe? Ya san gida talatin da ɗaya na jiran kwakwar miya?"

"Kakana ya san ƙugu. In ba ka so, ga ƙofa nan, ka bi bango ka fita yadda ka shigo."

Tankamani ta danne dariya da bakin zanenta. Cellappan ya ga dariyar, ya adana ta a ransa don gaba.

Haka aka kwantar da shi a rumfar bayan gidan Baidiya, kan gadon katako da ya sha mai har ya yi baƙi. Kowace safiya tsohon zai kwaɓa garin baƙin wake, ya kewaye masa ƙugu da ƙullin kamar bakin rijiya, ya tsiyaya mai mai ɗumi a ciki, in ya huce ya tsane da auduga ya zuba wani. Daga nan a bi shi da ƙunshin ganye mai zafi, a daddanna tun daga wuya har dunduniya. Safe da yamma ga jiƙo mai ɗaci da sai an toshe hanci. Cellappan ba ya sha sai ya shinshina, kuma sau uku yana neman a lissafa masa abin da ke ciki.

A kwana na shida ya ce, "Me ya sa jikina ya mutu haka? Ko kofi da ƙyar nake ɗagawa. Me kake zuba min?"

"Haka ake so," in ji Baidiya. "Kwance ka muke yi. Kwanakin hutu su ne za su sake ɗaure ka. Ka ji ni da kyau, Cellappa, wanda zai tashi a tsakiyar hutu gara ma bai fara ba, don jikin da ya sha mai ba ya faɗa wa mai shi gaskiya. Za ka ji kamar kana iya ɗaukar jirgin ruwa. Kada ka yarda."

Abin haushin shi ne, a kwana na goma ciwon ya fara ja da baya. Ƙafar ta daina zugi, ya juya a kan gado ba tare da ya cije leɓe ba. Da wani ne da ya gode. Shi kuwa sauƙin ma zarginsa ya yi, ya ce a ransa, in har na warke a kwana goma, sauran goma sha takwas ɗin na wane ne?

Aka mai da shi gida da dokoki kamar na ɗan kurkuku. Ba kifi, ba tsamiya, ba barkono, ba bammi. Ba wanka da ruwan sanyi, ba barcin rana, ba zama a iska, ba wuce ƙofar gida. Kunun shinkafa da ɗan dafaffen wake, shi ke nan. Mutumin da ya saba kallon ƙauye daga sama aka bar shi da tabarma a baranda, ba aiki sai sa ido, kuma ya sa.

Da farko ya lura Tankamani na fita kullum da zarar ta ba shi kunu, wai ƙungiyar mata ce ke yashe magudanan ruwa. Da jaka take fita, ba ta buɗe ta a gabansa. In ta sha kwana sai ya ji tashin babur, kuma ko a mafarki ya san kukan babur ɗin Biju. In ta dawo da azahar ba ta matsowa kusa da shi sai ta yi wanka. Hannayenta duk ƙuje-ƙuje, ta ce ƙaya ce. Matar da ba ta cinye faranti ɗaya, yanzu biyu take tashi da su. Abin da ya fi ci masa rai kuwa shi ne shiru. Onam saura mako uku, amma cikin gida talatin da ɗaya babu wanda ya zo ƙofa ya ce, Cellappan yana nan? Ko aike babu. Tsoro ya kama shi na gaske, don mai hawan da ba a nemansa ya gama yawo.

A rana ta huɗu ta hutu ya lallaɓa bayan madafa, inda ake tara kwakwar gida. Kwana goma sha takwas bai hau ba, ya kamata tarin ya kusa ƙarewa, sai ya tarar ya ƙaru. Ya ɗauki ɗaya, doguwa mai jan baki, hancinta ɗanye shar. Cellappan ya san kwakwar ƙauyen nan yadda uwa ta san 'ya'yanta. Ya zauna da ita a cinya har Tankamani ta dawo.

"Ke, wannan ta gidan Aleyamma ce."

"To? Suna aka rubuta a jikinta?"

"Ta bishiyar bakin rijiya ce. Wa ya sauke ta?"

"Iska mana. Ba ka ji iskar shekaranjiya ba?"

Ya juyo mata da wurin saran. "Iska da adda take yawo yanzu?"

"Cetta," in ji ta, haka take kiransa in tana son a zauna lafiya, "wa ya ce ka je bayan madafa? Saura kwana goma. Ka kwanta, ka sha kununka, in sun cika ka tambaye ni duk abin da kake so, zan faɗa maka."

"Ashe akwai abin faɗa."

"Kai dai mutumin nan, ko ruwan sama ne ya sauka sai ka tambayi wanda ya aiko shi."

Ta shige ta bar shi. Shi kuwa ya gama haɗa labarinsa tsaf. Tsohon ya kwantar da shi, surukin yana bi gida-gida da ƙarfe, matarsa ta nuna musu hanya an toshe mata baki da kwakwa. Komai ya zauna daidai, har dariyar nan da ta danne ranar farko. Abu ɗaya ya rage, ya gani da idonsa, don ƙulli ba ya ƙarya.

Washegari ruwa ya ɗauke, rana ta leƙo. Da babur ya tashi a kwana, shi ma ya tashi. Ya nemi zoben igiyarsa a ƙusa ya tarar an ɗauke, wannan ma ya ƙara a lissafi. Ya murɗe tawul ɗin wanka ya ƙulla, ya kama hanyar gidan Aleyamma.

Aleyamma gwauruwa ce mai shekara saba'in, tun ubansa yana raye gidansu ke hawa mata. Tana shanya barkono ta gan shi, ta dafe ƙirji.

"Cellappa! Ba an ce kana kwance ba?"

"An ce. Ceci," haka yake kiranta, wato yaya, "wa ya hau miki ta bakin rijiya?"

Ta kau da kai. "An roƙe ni kada in faɗa."

"Na gode. Kin faɗa."

"Kai, tsaya! Ina za ka? Bishiyar jiƙe take!"

Ina, ya riga ya zura ƙafa. Kuma gaskiyar magana, hawan ya yi masa daɗi. Rabon da ya ji jikinsa haka tun yana ɗan shekara talatin. Ƙugu shiru, ƙafa shiru, gwiwa na lanƙwasawa kamar an sa sabuwa. Yana hawa yana cewa a ransa, ga shi nan, na warke tuntuni suka ɓoye min. Ko sau ɗaya maganar tsohon ba ta faɗo masa ba.

Ya kai kai, ya cusa hannu cikin rassa. An share tas. Ga gishiri da yashi a matsematsi. Saran a karkace, yadda shi yake yi. Sannan yatsunsa suka taɓa ƙulli. Tsohon ƙullinsa yana nan a bushe, ba a taɓa shi ba, a gefensa kuma ga sabo, kore, sili biyu, an cusa bakin ta hagu. Biju bai san wannan ba. Babu wanda ya sani a wajen gidansa. Sai dai wannan ya fi nasa tsauri da kyau, ƙullin hannun da ya saba saƙar ganyen rufi da ɗaurin tsintsiya, hannun da shekara ashirin da shida yake gani yana ɗaure bakin buhun shinkafa a gidansa.

Yana nan riƙe da ƙullin ya ji ƙarar ƙarfe daga gidan maƙwabta, ƙacau, ƙacau. Ya waiga. Bishiya uku tsakani, daidai tsayinsa, a saman rufin gidaje, wani na tsaye a kan ƙarfen ragwaye da wando da tsohuwar rigar Cellappan mai shuɗin layi, kai a ɗaure, adda a hannu. Tankamani ce. Ita ma ta gan shi.

Ya murɗa jiki gaba ɗaya don ya tabbatar, ƙafafu a maƙale, ƙugu ya juya shi kaɗai. Wani abu ya ce ƙas a can ciki. Bai yi ihu ba, numfashin yin ihun ma bai samu ba. Ƙafar hagu ta tafi kamar ba tasa ba, tawul ya sulale ya faɗi, ya rage daga shi sai hannu biyu da ya rungume reshe da su.

"Kada ka motsa!" Muryarta ta ratso ganye. "Kai mutumin nan, in ka motsa sai na kashe ka da hannuna!"

Kafin ta sauko ta ciccibo ƙarfen ta ɗaura a tasa bishiyar, rabin unguwa ya cika gidan Aleyamma. Biju ya zo da doguwar igiya. Ita ta hau, ƙacau, ƙacau, har kanta ya zo daidai ƙafafunsa, ta tokare shi da kafaɗa, ta zagaya masa igiya a ƙirji. Tana ɗaurawa, bakinta kuma bai mutu ba.

"Bara da na ce na tafi jinyar yayata kwana shida, koyon wannan na je. Tun ranar da na ga kana bin bango na san za a zo nan. Gida ashirin da biyu na gama, saura tara, duk da sunanka, duk na roƙe su kada su faɗa maka. Biju aron ƙarfe kawai ya ba ni, yana kai ni yana ɗauko ni, ko kwakwa ɗaya bai karɓa ba."

Da ƙyar ya ce, "Me ya hana ki faɗa min?"

"In faɗa wa wa? Wanda ya ce in mace ta hau kwakwa bishiyar ta daina haihuwa? Da ka ji, da a ranar ka tashi. Ni da Baidiya muka ce a bari ka cika kwanakinka." Ta ja ƙullin igiyar da ƙarfi. "Kwana tara, Cetta. Kwana tara kawai suka rage maka."

Aka zuro shi ƙasa a hankali yana lilo a igiya, ido na ganin ido, mutumin da shekara arba'in bai taɓa saukowa da taimakon kowa ba. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi masa ciwo.

Baidiya Acutan ya zo gida ya same shi. Bai yi faɗa ba. Ya tsikari tafin ƙafar, ya sa shi ya motsa yatsa, yatsan ya ƙi. Ya ce maza a kai shi asibitin birni a ɗauki hoto, wannan ya wuce a tsaya jiran mai. Sati uku ya yi can. Da ya dawo, tsohon ya sake karɓarsa, ya sake kwaɓa garin wake, wannan karon ba a tambaye shi me ke cikin jiƙo ba.

Ranar da aka gama, Cellappan ya ce, "Baidiyare, yaushe?"

"Ciwon zan iya lallaɓa maka shi. Duk damina ka zo mu yi mako biyu, ka kiyaye abinci, ka daina ɗaukar nauyi, za ka yi tafiya, za ka zauna, za ka yi barci. Hawa kuwa, ka yi na ƙarshe."

"Da na cika kwanakin fa?"

Tsohon ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma. "Da na sa ran shekara uku ko huɗu. Ban ce tabbas ba."

Cellappan ya ƙura masa ido, ya bincike fuskar nan lungu-lungu yana neman inda aka ɓoye dabarar. Ya so ya samu, don da ya samu da ya ji sauƙi. Babu komai sai tausayi. A nan ya juya fuska bango ya yi kuka, Tankamani ta fita waje ta ba shi wuri.

Gidajen ba su tafi ko'ina ba, talatin da ɗaya suna nan. Sai dai yanzu in an zo ƙofa, "Tankamani tana nan?" ake cewa. Ta sayi nata ƙarfen. Shi yake bin ta da sanda, yana ɗan jan ƙafar hagu, ya tsaya a gindi ya ɗaga kai yana ba da umarnin da ba ta buƙata: ba wannan gungun ba, na bayansa, ki duba ƙwaro, kada ki yi rowar gishiri. In kwakwa ta zubo shi ke zaɓen rabo, a wannan kam har yau ba ta kai shi ba. Halinsa bai canza ba, kwanan nan ma ya daina shan shayi a wurin da ya saba don an ƙara masa madara ba dalili.

Rannan na wuce ta gidan Aleyamma na same su a ta bakin rijiya. Tankamani ta sauko tana karkaɗe tururuwa daga wuyanta, ta fara kwance ƙarfen.

"Kin ƙulla?" in ji shi.

"Na ƙulla."

"Ta hagu?"

"Ta hagu."

Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon sama, ya matsa nan, ya matsa can, ya kare ido da hannu. Ganye ne kawai ke kaɗawa. Ya sa tafin hannu a jikin bishiyar, daidai inda yake fara kamawa, ya bar shi a wurin ɗan lokaci, sannan ya janye.

"To," ya ce, ya ɗauki sandarsa ya bi bayanta.